Yadda Ake Jagorantar Baƙi Hawan Dutse da Zagayen Cin Abinci a Kaduna

Kullum akwai baƙo a Kaduna da ke da kwana biyu a hannunsa bai san yadda zai yi da su ba. Wani ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Rigasa don wani taro, wani ɗaurin aure ne ya kawo shi daga Legas, wata kuma 'yar bautar ƙasa ce da aka turo jihar. Abin da aka saba yi musu bai wuce a kai su wani babban kanti su sha sanyin na'ura ba, a saya musu shinkafa da kaza irin wadda suka baro a gida, su koma ba su ga komai ba. Alhali ga duwatsu, ga kogi, ga abincin da ba a iya yin irinsa a inda suka fito. Wanda ya san hanya kuma ya san inda ake tuya mai kyau zai iya mayar da wannan sana'a. Sai dai aikin yana da tsari, kuma rabinsa ana gama shi ne tun kafin baƙo ya iso.

Ka fara taka wurin da ƙafarka

Kada ka tallata hanyar da ba ka bi ba. Hoto a Facebook ba ya nuna maka inda dutse yake da santsi, ko inda zuma ta yi gida. Zaɓi wuri ɗaya tak ka san shi ciki da bai kafin ka ƙara wani.

Ga mai farawa, ni dai ban ga wurin da ya kai Dutsen Kufena na Zariya ba. Yana kusa da Wusasa, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kaduna, ta Kawo, Rigachikun, Marabar Jos da Jaji. Hawansa ba ya neman igiya ko wata ƙwarewa, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna hawansa, sannan idan an sauko ga birnin Zazzau nan kusa da abin kallo da abin ci. A kudancin jihar akwai duwatsun Kagoro da ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, waɗanda sun fi Kufena ban sha'awa ga ido, amma wannan tafiya ce ta kwana, ba ta je-ka-dawo ba. Ka bar su sai ka goge. Ga baƙon da shekaru ko ƙafa ba za su bar shi hawa ba, akwai tattaki a bakin Kogin Kaduna ta wajen lambun Gamji, inda gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga take, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin daga baya a ɗauko ta zuwa nan.

Idan ka je leƙen hanya, ka riƙe agogo. Duba lokacin da ka ɗauka daga gindin dutse zuwa sama, sannan ka ƙara masa rabinsa, domin baƙo zai tsaya huci, zai tsaya ɗaukar hoto. Ka lura da inda inuwa take don hutawa, inda waya ke kama sabis da inda take ɗaukewa, inda za a ajiye mota, da kuma asibiti mafi kusa. Ka hau ta hanya ɗaya ka sauko ta wata idan akwai, don ka san mafita biyu.

Tsaro da neman izini

A nan ba a yin kara. Jihar Kaduna ta sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma baƙonka ya karanta labarin harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris 2022, ko na ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a 2021. Zai tambaye ka, kuma amsar "ai babu komai, Allah na nan" ba ta wadatar ba. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari na cikin manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa a takarda, amma ba wurin da sabon jagora zai ɗebi mutane ya nufa ba ne. Gidan dutsen nan na Kajuru da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 yana jan hankalin baƙi ƙwarai, to amma ko shi ba a zuwa sai an yi magana da masu kula da shi, an kuma ji halin da hanya take ciki a wannan makon, ba a watan jiya ba.

Waɗanda suka fi kowa sanin halin hanya su ne direbobin tasha da 'yan sintiri na yankin. Ka samu lambar mutum biyu ko uku a cikinsu, ka kira ana gobe tafiya, ka sake kira da safe. Idan ɗaya ya ce maka "yau dai a ɗan dakata", to a dakata, ko da an riga an biya kuɗi. Kada ka wallafa rana da sa'a da wurin haɗuwa a fili a intanet. Tallan ya tsaya ga cewa akwai tafiya, sauran bayani kuma ya je ta WhatsApp ga waɗanda suka yi rajista kawai. Hotuna ma a ɗora su bayan an dawo gida. Kuma ƙa'ida ce: ba a kan babbar hanya bayan magariba.

Sai gaisuwa. Kowane dutse yana da masu shi. Ka je wurin mai unguwa ko dagacin da ke gindinsa tun kwanaki kafin ranar, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce: "Ranka ya daɗe, ni ɗanka ne daga Kaduna. Ina da baƙi da ke sha'awar ganin dutsen nan ranar Asabar, shi ne na ce ba zan shigo da su ba sai da saninka." Ka ajiye ɗan goro. Mafi yawan lokaci zai haɗa ka da wani yaro ko mafarauci da ya tashi a wurin, kuma wannan mutumin shi ne jarinka na gaskiya, da ɗan gari akan ci gari. Shi zai gaya maka gonar da ba a ratsawa, da kogon da mutanen wurin ba sa so a shiga. A wajen Kagoro da sauran garuruwan kudu akwai wuraren da al'ada ta keɓe. Idan aka ce ba a zuwa, kada ka tsaya neman dalili a gaban baƙi. Ka biya ɗan rakiyar nan haƙƙinsa da daraja, ba canjin da ya rage a aljihu ba.

Wane wata, wace sa'a

Lokacin da ya fi daɗin hawa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, ƙurar hunturu ba ta rufe sararin sama ba tukuna, daga saman Kufena kana hango gari da gonaki tar. Janairu da Fabrairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, amma hazo kan cinye kallon, kuma mai asma zai wahala, sai da takunkumi. Maris da Afrilu bazara ce, dutse kan ɗau zafi har ya gagari tafin hannu kafin hantsi ya dubi ludayi. A Agusta da Satumba ƙasa ta yi kore shar, ruwan Matsirga ya cika yana ruri, amma dutsen da ya jiƙe santsi gare shi, ga tsawa. Da ka ga hadari ya haɗo, ko ka ji rugugi ko daga nesa ne, a fara sauka. Saman dutse da gindin doguwar bishiya tilo su ne wurare mafi haɗari idan ana walƙiya.

Ko wane wata ne, a fara hawa da sassafe, a sauko kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Shi ya sa na fi son a kwana a Zariya maimakon a baro Kaduna cikin duhu. Ranar Juma'a a tsara yadda za a gama kafin lokacin masallaci, a kudancin jihar kuma a tuna safiyar Lahadi mutane na coci, ɗan rakiyarka ma wataƙila yana can. Wanda ke son haɗa hawan dutse da kallon al'ada, bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ake yin sa kowace shekara, sai dai masauki kan yi wuya, a kama da wuri.

Abin da za ka tambayi baƙo, da abin da za ka ɗauka

Kwana biyu kafin tafiya ka aika wa kowa tambayoyi kaɗan: yana da hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon gwiwa? Akwai abincin da jikinsa ba ya karɓa? Wa za a kira idan wani abu ya faru? Ka gaya musu su sa takalmi mai rufi da ƙasansa ke kama dutse. Silifas da takalmin fata na ofis ba sa hawa, kuma gara ka mayar da mutum mota da ka ɗauko shi a kafaɗa. Mata masu dogon hijabi ko abaya su sa wando mai kauri a ciki, su zaɓi hijabin da ba ya jan ƙasa.

Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu. Kai kuma jagora ka ƙara da naka na ko-ta-kwana, da bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, fakitin gishiri da sukari na ORS, tocila, usur, da batirin cajin waya. Idan fakitin ya ƙare, ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ka ɗauki buhu ɗaya na shara, duk leda da robar da ta hau dutse ta sauko. Kada ayarin ya wuce mutum takwas zuwa goma ga jagora ɗaya da mataimaki.

A kan dutse

Kafin a ɗaga ƙafa, ka tara su a gindin dutse ka yi magana ta minti biyu: ɗan rakiya ne a gaba, ba mai wuce shi, kai ko mataimakinka a baya, ba mai zama bayanku, wanda ya gaji ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Sai a ƙirga kai. A sake ƙirgawa a sama, a sake a ƙasa.

Tafiyar ayari tafiyar mafi rauni ce. Idan gangaren ya miƙe, ka nuna musu su riƙa ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, gajeren taki, suna ratsawa a karkace maimakon su tunkare shi kai tsaye. Inda ka ga baƙin zane ya gangaro a jikin dutse, hanyar ruwa ce, gansakuka na nan ko da ta bushe a ido, a kauce mata. Saukowa ta fi hawa kayar da mutane, domin gwiwa ta gaji kuma hankali ya riga ya tafi wurin abinci. A wuri mai tsauri ba laifi mutum ya zauna ya ja jiki.

Kada kowa ya cusa hannu a tsagar dutse ko ƙarƙashin fale-falen da bai ga cikinsu ba, nan kunama da maciji ke fakewa. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji, wanda ya kamata ka riga ka san shi tun ranar leƙen hanya. Zuma kuwa turare mai ƙarfi da hayaniya ke tayar da ita, don haka a bar feshin turare sai an dawo, a kuma bar lasifikar kiɗa a mota.

Abin da ke raba jagora da mai nuna hanya kawai shi ne baki. Baƙo ya biya ne don ya ji abin da idonsa ba zai gaya masa ba. Tsaya a gindin ɗorawa ka ce masa daga kalwar wannan bishiya ake yin daddawar da zai ji a miyar rana. Nuna masa kaɗanya, ka ce daga ƙwallonta man kaɗe ke fitowa. Idan kun ci karo da gawo, ka gaya masa abin mamakinsa: yana zubar da ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke kore, ya fitar da sabo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Kuka, tsamiya, giginya, ɗinya, kowacce tana da hanyar da take bi ta shiga tukunya ko kofi. Ta haka dutsen da abincin suke zama tafiya ɗaya. A tarihi kuma ka tsaya inda saninka ya tsaya. Labarin Sarauniya Amina da tsohon garin Turunku da ganuwar Zazzau yana da daɗin ji, amma ka bambance wa baƙo abin da aka rubuta da abin da kaka da kakanni ke faɗa.

Abinci: kowanne da sa'arsa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaunar da baƙi a gidan abinci ɗaya a jere musu komai a faranti. Ƙosan da aka soya da safe aka ɗumama da rana ba ƙosai ba ne kuma. Abincinmu yana bin agogo, sai ka tsara zagayen ya bi shi.

Kafin hawa, abu mara nauyi: koko ko kunun gyaɗa da ƙosai biyu-uku. Waina a bar ta sai an sauko, kuma a ci ta a gaban mai tuya. Ka sa baƙi su tsaya su kalli yadda take ɗiga mai a kowane gurbin tanda, ta zuba ƙullun da ya kwana ya tashi, gefen ya fara yin ja yana ƙananan ƙofofi, ta sa cokali ta juya shi da sauri ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta kalli hannunta ba. A ba su da miyar taushe, a ba su wata da ƙuli, su faɗi wadda ta fi. Amma ka riga ka je wurinta tun jiya: "Hajiya, gobe da hantsi zan zo da baƙi takwas, a ƙara ƙullu, kuma don Allah za su so su ɗauki hoton tandar, ko da damuwa?" Idan ta ce a ɗauki tanda ban da fuskarta, haka za a yi. A cikin gidan aure kuwa maza baƙi ba sa shiga, sai dai a fito da abincin zaure. Nan jagora mace ta fi namiji dama nesa ba kusa ba, domin ita za ta iya shigar da baƙi mata har madafa su ga yadda ake tuƙa tuwo da yadda ake turara dambu.

Da rana sai mai nauyi, amma kaɗan-kaɗan. Ka sayi kwano ɗaya mutum uku su raba, don ciki ya samu wurin abu na gaba. Ɗanwake da mai da yaji, dambu da zogale, tuwon shinkafa, faten tsaki da rama ko yakuwa. Idan tafiyar ta kudu ce, acca ita ce sarauniya, a nemi fatenta ko tuwonta, a kuma saya wa baƙi citta ta wajen Kachia su tafi da ita tsaraba, domin yankin nan ne cibiyar noman citta a ƙasar nan. A can ana sayar da nau'in nama fiye da wanda aka saba a Zariya ko Tudun Wada, saboda haka ka tambayi mai abinci naman mene ne kafin a zuba, cikin ladabi, ka san kuma abin da kowane baƙo yake ci da wanda ba ya ci.

La'asar ta kasuwa ce da fura. A cikin Kaduna, Kasuwar Barci da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sun isa a nuna wa baƙo kayan miya da kayan ƙamshi: kanumfari, masoro, kimba, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kuka. Ka sa ya shinshina, ka sa ya yi ciniki da bakinsa ko da "nawa ne" kaɗai ya iya. Jakunkuna a gaba, waya a aljihu. Idan lokacin rake ne, ka nemo mazarƙwaila, ka gaya masa daga wajen Maƙarfi ake yawan kawo raken.

Da yamma sai wurin mai nama. Tsire da balangu a ci su da zafinsu daga kan wuta, kilishi kuma shi ne na tafiya da shi gida.

Cikin baƙo ba irin naka ba ne

Abin da kai ka ci ka kwana lafiya zai iya kwantar da wanda ya zo daga Ingila, har ma da wanda ya zo daga Abuja. Dokar mai sauƙi ce: abin da ya fito daga wuta yanzu, a ci. Abin da aka haɗa da ruwan da ba ka san asalinsa ba, a yi hattara. Zoɓo, kunun aya da kunun zaƙi na cikin robobin da aka sake amfani da su, da ƙanƙarar da ake jefawa a fura, nan matsalar take. Mafita ita ce ka samu mace ɗaya mai tsabta da ka yarda da ita ta haɗa maka naka da tafasasshen ruwa. Fura kuma a dama ta da kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, a kwanon da ka ga an wanke. Latas da kabeji ɗanye na gefen nama a bar su. Ka riƙe ruwa da sabulu a mota, tunda da hannu za a ci.

Sai gyaɗa. A wasu ƙasashe akwai mutanen da ko ɗan kaɗan suka ci sai maƙogwaro ya kumbura numfashi ya gagara, kuma abin na iya kisa cikin ɗan lokaci. Mu kuwa gyaɗa tana cikin yajin tsire, tana cikin kilishi, tana cikin miyar taushe da kwaɗo, ga man da ake suya da shi. Idan baƙo ya ce ba ya cin gyaɗa, kada ka ɗauka iyayi ne, kuma kankare yajin daga jikin naman ba ya wadatarwa. Yaji ma a sa shi gefe, kowa ya ɗiba daidai ƙarfinsa.

Lissafin kuɗi

Ka rubuta duk abin da za a kashe: mota da mai, masauki idan da kwana, goron mai unguwa, haƙƙin ɗan rakiya da na mataimaki, abinci, ruwa, kuɗin shiga inda ake biya. Ka ƙara wani abu na ba-zata, domin farashin mai ba ya sallama kafin ya tashi. Ka ɗora ladanka a kai a fili, sannan ka raba da mafi ƙarancin adadin mutanen da za ka yarda ka tafi da su, ba mafi yawa ba. Idan ka yi lissafi da mutum goma, sai shida kawai suka zo, daga aljihunka za ka cike.

Farashi ɗaya za ka faɗa wanda ya haɗa komai, don kada a riƙa "kawo ɗari biyar" a kowace tsayawa. A biya rabi kafin ranar, ka kuma rubuta tun farko abin da zai faru idan an fasa: idan kai ka soke saboda tsaro ko ruwan sama, ka mayar da kuɗi ko a sa wata rana, idan baƙo ne ya fasa da safe, abin da aka riga aka kashe ya tafi. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin mai waina da mai fura ba kowacce ke karɓar tiransifa ba, sabis ma kan yi gardama a gindin dutse. Masu abincin nan ka biya su farashinsu ba tare da ka matse su a gaban baƙi ba, ka ɗan ƙara musu a kan lokacin da suka ba ka. In sana'ar ta fara kama ƙasa, ka yi wa sunanta rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe mata asusun banki nata daban, saboda kamfanoni da ƙungiyoyin da za su turo maka ma'aikatansu ba sa tura kuɗi asusun mutum, kuma za su nemi rasit.